Lambun da Baba Ya Kawo wa Inna

Inna ta fi shekara talatin tana auren mai ɗaukar hoto, amma ba ta taɓa zama ya ɗauke ta ba. Hotonta ɗaya ne a duniya, na katidantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Shi ma hukuma ce ta ɗauka ba da son ranta ba, ta fito kamar wadda aka kawo wa saƙon mutuwa. Baba kuwa ya ɗauki rabin Garwa. Amare da angwaye, 'yan lekol, wato makarantar boko, da takardar cin jarrabawa a ƙirji, attajiran unguwarmu da suka dawo daga Makka, makiyayan da suka sayar da sa suka sayi rediyo, duk sun zauna a kujerarsa. Matarsa kaɗai ta gagare shi.

Mutane sun ɗauka don ita 'yar malami ce. Gaskiya ne mahaifinta yana da makarantar allo a Jambutu, kuma bai taɓa ƙaunar hoto ba. Amma ita ba hoton ta ƙi ba, labulen ta ƙi. A bangon situdiyon Baba akwai wani makeken ƙyalle da aka yi wa zane: bene mai hawa barkatai, jirgin sama yana wucewa ta kansa, ga wani tafki mai shuɗin ruwa da kogin Binuwai bai taɓa yin irinsa ba. A gabansa kowa yake zama.

"Ni ba zan zauna gaban ƙarya ba," in ji ta. "Ba ni da bene, ban taɓa shiga jirgi ba. Jikokina su gani su ce me?"

"To me kike so a bayanki, 'yar Malam?" Haka Baba yake kiranta.

"Ranar da ka kawo lambu na gaske cikin wannan ɗakin naka, mai ganye da rai, zan zauna."

Tana tsince shinkafa ta faɗa, don ta kashe maganar. Ɗakin ko taga ba shi da ita, garin kuma Garwa ne, inda rana take dafa ƙwai a kan kwano. Amma magana zarar bunu ce. Baba ya ajiye ta a ransa, lokaci-lokaci yana fito da ita don tsokana.

Shekarar da nake ba da labarinta, idon Baba ya fara cin amanarsa. Da farko abin dariya muka ɗauke shi. Ya riƙa karo da ƙafar fitila yana zarginmu da matsar masa da kaya. Ya miƙa hannu zai gaisa, mutumin yana can gefe. Ni ce 'yar da ta rage a gida, ina koyarwa da safe, da yamma in zo situdiyo in taya shi, don haka ni na raka shi lopital, wato asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe yana shigowa tsakiya, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce gudun ciwon kawai zai rage, mun zo a makare.

A hanyar gida Baba ya ce, "Uwata, ai ni dama duk rayuwata ta ɗan rami nake kallon duniya. Ramin ne ya ƙara tsukewa." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ban yi dariya ba.

A lokacin Inna tana Tuboro. Yayata da ke aure a can ta haihu, haihuwar ta zo da gardama har aka yi mata aiki, Inna ta tafi zaman jego. Baba ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya mata komai a waya ba. Ya ce tana da nata nauyin a can, kuma in ta ji za ta baro marar lafiya ta taho. Na yi alkawarin. Sai ya ƙara da cewa, "Kafin ta dawo zan kawo mata lambun. Ina so in ga fuskarta ta cikin kamara sau ɗaya, tun ramin bai rufe ba."

Washegari ya tafi wurin Baffa, yayansa. Baffa ɗan goro ne, ɗan ɗan goro, jikan ɗan goro. Kakanmu da jakai ya zo daga Kano da fataucin goro, ya zauna a nan, kuma duk gidanmu Baba ne kaɗai ya bar sana'ar ya kama kamara, abin da har yau Baffa yake kira wasan yara. Amma bai yi musu ba. Yana da kamiyo, babbar motar da ke kawo masa kaya daga kudu. Ya gaya wa direban ya nemo tsirran kurmi masu faɗin ganye, irin waɗanda ake jerawa a ƙofar manyan otal.

Da hantsi aka sauke su a ƙofar situdiyo, a tsakanin huhunan goro, kowace tukunya a naɗe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Da aka kwance, layin ya yi tsit. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Namu koren na dalbejiya ne da na mangwaro, kore mai haƙuri da ya saba da wahala. Wannan kuwa kore ne na ƙoshi. Akwai mai ganye kamar faifai, a tsattsage kamar an bi shi da almakashi. Akwai mai kama da gwaza amma ya ninka shi girma. Akwai mai ɗigo-ɗigon fari kamar an watsa masa nono, da wasu 'yan ƙananan kwakwa masu laushin reshe. Direban bai san sunan ko ɗaya ba, sai Baba ya raɗa musu: Mai Tsage, Kunnen Giwa, Mai Nono.

Telan da ke maƙwabtaka da mu, wani dattijon Bafulatani, ya leƙo da almakashi a hannu. "Ɗum ɗume? Haako na?" Yana tambaya ko ganyen miya ne. Baba ya ce masa in ya kuskura ya tsinki ɗaya, da shi za a yi miyar.

Muka naɗe bene da jirgi muka jingina a lungu. Baba ya kwashe yini yana jera tukwane. Manya a baya, matsakaita a gefe, Kunnen Giwa a gaba ta hannun dama don ganyensa ya ɗan leƙo cikin hoton. Ya ce in ba wani abu a gaba, hoto ba ya da zurfi. Ya ajiye kujera a tsakiya, ya zaunar da ni, ya murza bakin kamara da hannu har fuskata ta fito masa tas. Baba bai taɓa yarda na'ura ta zaɓar masa abin da zai fito ba. Sannan ya ɗauko fenti ya yi alama a siminti, inda ƙafafun kujera za su tsaya da inda na kamara za su tsaya, ya ɗaure bakin kamarar da salatif don kada ya motsa. Na gane abin da yake yi. Yana shirya komai ne yadda ko da idon ya ƙara tafiya, yatsa kawai zai danna.

'Yan mata suka yi ta zuwa. Yawancinsu da wayoyinsu suke ɗaukar kansu a cikin ganyen su yi godiya su tafi, bai damu ba. Abu ɗaya ya hana: ba mai zama a wannan kujera.

Sai Baffa ya zo duba kaya. Ya tarar da ƙofa a buɗe, iska tana shigowa, ya yi salati.

"Kai, haka ake yi wa kayan kurmi? Daga ina goro yake zuwa? Ba dajinsu ɗaya ba? Abin kurmi duhu yake so da danshi. Iska ita ce ajalinsa."

Ya ba da doka irin ta rumbun goro. A rufe ƙofa in ba baƙo. A lulluɓe su da jiƙaƙƙen algarara da rana. A ba su ruwa safe da yamma, a yayyafa musu a tsakani. Da wannan dabarar gidanmu ya yi shekara da shekaru yana ajiye goro daga kaka zuwa kaka bai yaushi ba, wa zai ce ba daidai ba ne? Baba ya bi ta sau da ƙafa. Mun shiga bazara, famfo yana yin kwanaki bai ɗiga ba, kuran ma, wato wutar lantarki, a kawo a ɗauke. Ruwan da muke saye a jarka, tsirrai ne suke fara sha kafin mu. Har ruwan sanyi na randa na kama Baba yana zuba musu.

Mai Nono ne ya fara. Ganyensa na ƙasa ya yi rawaya, ya langaɓe. Baffa ya ce ƙishi ne, a ƙara ruwa. Aka ƙara. Ƙasar tukwanen ta soma wani tsami irin na kwata, ƙananan ƙudaje suna tashi daga ciki. Da Baba ya ji ganyen sun daina santsi a hannunsa, sai ya yi musu abin da yake yi wa yara ranar Sallah in sun zo hoto da busasshiyar fuska. Ya samu man auduga da tsumma yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Suka yi ƙyalli a ƙarƙashin fitila, kwana biyu, daga nan suka fara baƙi daga gefe.

Na lura tukunyar da ta fi kusa da ƙofa ta fi sauran ƙarfi. Na daure na gaya wa Baffa ko haske suke so. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama, wannan a lekol aka koya muku? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Raina ya ɓaci, amma ba a ja da Baffa. Na duba waya, na tarar masu bayanin duk a ƙasashen sanyi suke zaune. Wai a ba su haske amma kada rana ta taɓa su, a sa su inda iska take da laima. Ina ma su zo Garwa a watan Afrilu su nuna mini wurin. Duk da haka na saci tukunya ɗaya na fitar da ita bayan shago da safe, don in nuna wa Baffa iyakarsa. Kafin azahar ta ƙone ƙurmus kamar ganyen taba. Na kai wata ƙarƙashin dalbejiyar gidanmu, akuyar maƙwabta ta cinye rabinta, ta yini tana zubar da yawu, mai ita tana zaginmu ta kan katanga. A ciki suna ruɓewa, a waje suna ƙonewa. Ban ƙara kawo wa kowa shawara ba.

Inna kuma ba ta dawo ba. An yi arba'in, sai jaririn ya kwanta da zazzaɓi, ɗinkin Yaya kuma ya ƙi warkewa. Duk Juma'a sai ta kira.

"Babanku fa?"

"Lafiya lau, Inna. Sai zafi."

"Yana cin abinci?"

"Yana ci."

Maganar takan zo mini har maƙogwaro in haɗiye ta. In na faɗa, na karya alkawari, ta baro Yaya a kwance. In na yi shiru, kullum ana ɗebe wani abu daga idon Baba. Ya daina gane mai shigowa sai ya yi sallama. Ya fara bin bango da hannu. Yakan tsaya bayan kamara ya daɗe, sannan ya ce, "Uwata, kin kunna fitilar?" Fitilar kuwa tana kunne tun ɗazu.

Na koma zuwa da sassafe kafin lekol, ina yanke matattun ganye da almakashin tela in ɓoye a buhu, ina matso da tukwane don in toshe giɓi. Aikin banza ne. Baba da hannu yake zagaya lambunsa, yatsunsa suna tsayawa a kan kowane dungu da na yanke. Sau ɗaya ne kawai, yana riƙe da reshen Mai Tsage, ya tambaye ni, "Da sauran kore?"

"Da saura, Baba."

"To Allah ya sa ya jira ta."

Ban san ko ganyen yake nufi ko idon ba, ban kuma tambaya ba. Na fita bayan shago na yi kuka na wanke fuska. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar a waɗannan makonni ba. Ga ni da ƙafa da ido da karatu, amma ko ganye ɗaya na kasa riƙewa.

Ranar da hadarin farko ya taso ya watse bai zubar ba, Inna ta sauka. Ta kira daga Ngong ta ce sun kusa, na je tasha na taro ta. Da la'asar muka shiga gida, Baba yana zaune a tabarma ya sa sabuwar riga. Ta yi sallama. Ya miƙe da fara'a yana cewa, "Maraba da 'yar Malam," fuskarsa tana kallon turmin da ke gefenta.

Inna ta tsaya da ƙullin kayanta a hannu. Ta dube shi, sannan ta juyo ta dube ni. Har yau ina jin wannan kallon a jikina. Ta matsa ta tsaya daidai inda yake kallo, ta amsa gaisuwarsa, ta ba shi labarin jariri.

Da safe na fito na tarar ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da take ajiye wa biki, ta yafa shuɗin mayafi, har da kwalli. Ban san abin da suka tattauna da Baba da dare ba. Ta ce, "Ɗauko mabuɗi, mu je in ga lambun nan."

Da na buɗe ƙofar situdiyo na ji kunya kamar ni na kashe su. Tsamin ƙasa ya tare mu. 'Yan kwakwar sun zama tsintsiya. Mai Nono sanda ce kawai a tukunya. Mai Tsage yana da sauran ganye biyu masu baƙin gefe. Kunnen Giwa, wanda ya fi kusa da ƙofa, shi ne da ganye ɗaya babba, rabinsa kore rabinsa ya bushe, ya sunkuyo saboda nauyin kansa. Bayansu kuma bangon siminti ne tsirara.

"Ga lambunki, 'yar Malam," in ji Baba. "Ya ɗan sha wuya a hannunmu."

Inna ta zagaya a hankali. Ta kama ganyen Kunnen Giwa ta murza tsakanin yatsu, ta duba man da ya shafe ta, ta girgiza kai.

"Wannan aikin 'yan goro ne," in ji ta. "Amma da ransa. Mai rai na ce, ban ce mai lafiya ba. Ɗaya tak za ka ɗauka, Malam, ba zan zauna ana haska ni kamar amarya ba."

Baba ya laluba ya tsaya bayan kamara, ƙafafun kamarar a kan alamar fenti. Inna ta zauna. Fitila ta dake ta, kunya ta kama ta, sai ta ja kujerar baya, can cikin tukwane, ta ɗan kauda kai. Ganyen da ya sunkuyo ya rage shi kaɗai a gaba, daidai inda Baba ya auna fuskata makonni da suka wuce. Na gani. Na buɗe baki zan yi magana, amma Baba ya riga ya manna idonsa, jikinsa ya tsaya cak, ya daɗe a haka har na ji numfashinsa.

"Ina ganinki," ya ce a hankali. "Ina ganin shuɗi."

Ya danna.

Na leƙa ɗan gilashin bayan kamara. Ganyen ya fito tas, har jijiyoyinsa da inda ya bushe. A bayansa akwai wani shuɗin hazo mai siffar mace a zaune. Ba ido, ba hanci, ba kwallin da ta sa.

Na je kusa da ita na raɗa mata, "Inna, bai fito ba. Ki matso gaba kaɗan, a sake. Ko ni in danna."

"In an sake, ya san bai samu ba," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "In ke kika danna, ba shi ya ɗauka ba. Ni shi na zauna wa." Ta miƙe tana gyara mayafi.

Na wanke hoton na kawo gida da yamma. Baba ya karɓa ya kai shi dab da ido, ya matsar, ya sake kawowa, sannan ya miƙa shi ta wajen muryar Inna.

"Ya fito, 'yar Malam?"

Na zuba wa Inna ido, don na san matar da ta ƙi zama gaban zanen bene ba za ta yi masa ƙarya ba. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Ya fito, Malam. Yadda kake ganina, haka na fito."

Baba ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu ta mayar masa, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Kafin damina ta yi nisa ramin ya rufe. Aka kulle situdiyo, Baffa ya zuba goro a ciki, kuma goron ya ji daɗin ɗakin. Inna ta zama idon Baba na damina biyu, a ta uku ciwon kwana kaɗan ya ɗauke ta. Duk tsawon lokacin ina da waya mai kamara a hannuna, ban taɓa samun ƙarfin halin ɗaga ta a gabanta ba, don ta riga ta ce ɗaya tak.

Baba yana nan. Hoton yana aljihunsa, gefensa ya yi laushi saboda taɓawa. In baƙi sun zo gaishe shi yakan fito da shi ya ce, "Ga 'yar Malam a lambunta." Su karɓa su duba, su dube ni, su ce masha Allah. Ni kuwa duk lokacin da fuskarta ta fara ɓace mini, nakan ce Baba ya ara mini in gani. In kai shi bakin ƙofa wurin haske, in yi ta kallo, ganyen nake gani.